Mun Je Ƙasashe, Amma Me Muka Gani?

Mu a unguwar nan ba ma fita ƙasar waje sai da hujja. Ko aikin Hajji, ko Umara, ko sarin kaya, ko ganin likita, ko yaro ya gama karatu a je bikin yaye shi. In dattijo ya ce zai yi tafiya, tambayar farko a majalisa ita ce, "Lafiya dai ko, Alhaji?" In ya ce lafiya lau, gari kawai zai je gani, sai a yi tsit. Wani ya gyara zaman hula, wani ya ce Allah ya kiyaye hanya, amma a ransa yana lissafin buhun shinkafa nawa kuɗin jirgin zai saya.

Kuma fa tafiya gadonmu ce. Kakanninmu sun kora jakuna har Salaga a ƙasar Gwanja suna fataucin goro. Wasu sun taka da ƙafa ta Chadi da Sudan zuwa Makka, suna noma suna ƙodago a hanya, sai bayan shekaru su dawo, wasu ma can suka zauna. Yau ma in ka duba waɗanda ke zama a kan tabarmar ƙofar masallaci bayan La'asar, akwai wanda hatimi ya cinye masa fasfo tun kafin wa'adinsa ya ƙare. Abin da ke damuna shi ne, mun je ƙasashen, amma daga masauki sai kasuwa, daga kasuwa sai wajen masu auna kaya, daga nan sai filin jirgi.

Rannan malamin Islamiyyarmu ya tambayi wani Alhaji mai shago a Kantin Kwari, wanda ya daɗe yana saro kaya daga Gwanzu ta ƙasar Sin, ko ya taɓa yin salla a masallacin Huaisheng. Masallaci ne da ake lissafa shi cikin mafiya daɗewa a ƙasar, da tsohuwar hasumiyarsa a tsaye har yau. A garin kuma akwai kabarin da Musulmin can ke dangantawa da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, ko da yake malamanmu sun ce a Baƙi'a ta Madina aka binne shi. Alhaji ya riƙe haɓa ya ce, "Allah gafarta Malam, wallahi yau na fara ji. Ni in na sauka, kwantena ce kawai a gabana." Babu wanda ya yi masa dariya, don kowa ya san halinmu ne duka aka faɗa.

Haka matanmu masu zuwa Santambul. Hajiyar da ke bayan gidan mai unguwa ta san unguwar Laleli shago-shago, ta san inda ake samun abaya da labule da kayan ɗakin amarya da rahusa. Amma daga Laleli zuwa Sultanahmet tasha uku ce kacal a jirgin ƙasan da ke ratsa tsakiyar gari. Nan masallacin Sarki Ahmad yake mai hasumiya shida, ga Aya Sofiya tana fuskantarsa, wadda aka mayar masallaci a 2020. Gaba kaɗan fadar Topkapi ce, gidan sarakunan Usmaniyya, inda aka keɓe ɗakuna ga alkyabba da takubban da ake dangantawa da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da sahabbansa, kuma ana karatun Alƙur'ani a wurin. A unguwar Eyup kuma akwai kabarin Abu Ayyubal Ansari, wanda ya sauki Annabi a gidansa lokacin hijira. Wanda gwiwa ke damunsa ma bai rasa rabo ba: ya shiga jirgin ruwan haya, ya zauna, a kawo masa shayi a ɗan ƙaramin kofi, cikin kamar minti ashirin ya tashi daga Turai ya sauka a Asiya, duk a gari ɗaya. Ni a ganina wanda ya je Santambul bai yi wannan tsallaken ba, an yi masa ƙwange.

Maganar gwiwa kuwa ita ce ta fi zafi a majalisar, don kusan kowa da tasa. Shi ya sa da aka zo kan Fas ta Maroko, liman ya ce duk mai niyya ya yi tun ƙafa na ɗaukarsa. 'Yan'uwanmu Tijjanawa sun daɗe suna zuwa ziyarar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a garin a 1815. Sai dai tsohon birnin mota ba ta shiga, lunguna ne matsattsu masu hawa da gangara, jakuna da alfadarai da amalanke ke dakon kaya. Da yawa in sun gama ziyara sai su koma masauki, alhali a cikin lungunan nan masallacin Ƙarawiyyin yake, wanda wata mata, Faɗimatul Fihriyya, ta gina a shekarar 859, ya zama makarantar da ake karatu a cikinta har gobe. Mace ta gina! Wannan kaɗai ya isa a kai 'ya'ya mata su gani da idonsu. Ga kuma majemar Fas da ramukanta na rini, wadda duk Bakano in ya gani sai ya tuna gida, tunda jar fatar akuyar Sakkwato ta sha ƙetare Sahara ta isa kasuwannin Turai ana kiranta fatar Maroko.

Masu zuwa Maulidi Madina Baye a Kaulaha, garin Shehu Ibrahim Inyass, ta Dakar suke bi, amma ƙalilan ne ke shiga jirgin ruwa su leƙa tsibirin Gore da ke daf da birnin, inda ake nuna gidan da aka tsare bayi. Masu jinya a Delhi kuwa, in likita ya ba da sallama, Agra da Taj Mahal tafiyar kamar awa biyu ce a jirgin ƙasa mai sauri, sai dai kada a je ranar Juma'a, don a rufe yake ga masu kallo.

Shi liman burinsa daban ne. Shekara da shekaru yana karantar da Sahihul Bukhari a zaurensa, kuma ya ce kafin ya koma ga Allah yana so ya tsaya a kabarin mai littafin. Imamul Bukhari a Bukhara aka haife shi, ya rasu a 870 a ƙauyen Khartank kusa da Samarƙand, a ƙasar Uzbekistan ta yau. Daga Tashkent, babban birnin, jirgin ƙasa mai gudu yana kai mutum Samarƙand cikin awa biyu da 'yan mintuna. Ɗan liman ya gaya masa sanyin ƙasar ba irin hunturunmu ba ne, ƙanƙara ke zuba, don haka sai dai watan Afrilu ko Mayu, ko kuma Satumba. Yadda idon dattijon nan ke haske in yana maganar, na tabbata ba sha'awar hawa jirgi ba ce.

Wani tsohon direban tirela ya katse mu ya ce, "Ku dai kuna ta lissafin garuruwa, da wane kuɗin? Tun 2023 naira ta faɗi, ɗan fansho abinci yake nema." Gaskiya ya faɗa, kuma ba a musa masa ba. Amma ai ba cewa aka yi a sayar da gona ba. Wanda ya riga ya biya kuɗin jirgi don sari ko magani, kwana biyu kawai zai ƙara. Wanda ya je Umara, in ya gama da Uhudu da masallacin Ƙuba, ya nemi mota zuwa Badar ko ya hau dutse ya sha iskar Ɗa'ifa. Wanda kuma aljihunsa bai kai nan ba, Gana ba ta neman biza a wurin ɗan Najeriya, fasfo da katin rigakafin shawara sun wadatar. A zangon Kumasi da unguwar Nima ta Akara da Hausa zai yi ciniki, da Hausa za a tambaye shi mutan gida. Shi direban da kansa ya ce ya sha kai kaya Kumasi, amma bai taɓa ratsewa ya ga Salaga ba, garin da kakansa ya yi fatauci.

Jinkiri kuma yana da tsada. Akwai gidaje a nan da ke da dangi a Mai Wurno, garin da mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa a bakin kogin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903. Kullum ana cewa baɗi za a je zumunci, har yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, hanya ta toshe. Allah ya kawo musu zaman lafiya.

Sauran laifin na 'ya'ya ne. In Allah ya hore musu, sai su biya wa Baba Umara duk azumi, madalla, Allah ya saka. Amma ba sa zama su tambaye shi ko akwai inda ransa ke so ya gani, balle su tambayi Hajiya, wadda ita ce ta riƙe gida duk shekarun da yake yawon fatauci. A haɗa su su biyu, da jika ɗaya mai jin Turanci da sanin waya. A sa maganin hawan jini da na suga a jakar hannu, kada a auna su cikin kaya. A kuma nemi kujerar turawa tun wajen sayen tikiti, don filayen jirgi irin na Santambul da Dubai tafiya ce mai nisa a cikinsu, kuma dattawanmu da kunya, ba za su roƙa da bakinsu ba.

Yanzu dai wasu a majalisar sun fara adashi da niyyar Fas. Sun amince za su sauka Kazabalanka su hau jirgin ƙasa, tafiyar kamar awa huɗu. Gardamar da ta rage ita ce ta lokaci: manoman cikinsu sun ce sai an kai amfanin gona gida, liman kuma ya ce in aka kai Disamba, sanyin Fas zai hana tsofaffi fita sallar Asuba.