Yadda ake kaɗa miyar kuka a Abadin

Miyar kuka a birnin Abadin na Sikotlan tana farawa ne tun daga filin jirgin Abuja, a gaban ma'auni. Jaka kilo 23 ce, kuma a cikinta za a raba wuri tsakanin rigar sanyi, littattafai da ƙullin da Hajiya ta haɗa. Shawarata a rage littattafai. Tun 1495 aka kafa jami'ar garin, littafi ba ya yanke mata, amma laburarenta ba ya ba da aron kuka.

Kilishi a bar wa ƙanne. Dokar Birtaniya ta hana matafiyi daga ƙasashenmu shiga da nama ko kayan madara, don haka man shanu ma ya yi zamansa. Busasshen kifi yana wucewa. Daddawa kuwa a naɗe ta a leda uku, a sa a roba mai murfi, sannan a haƙura, domin duk da haka kwat ɗinka zai riƙa sanar da zuwanka aji har zango na biyu. Kada a manta muciya da maburgi. Cokalin katakon Turawa don juya miya aka yi shi, tuwo ya fi ƙarfinsa. Nawa ya karye a tuƙi na biyu.

Sai lokaci. A Disamba rana tana faɗuwa kafin uku da rabi, ƙarfe huɗu cikinka ya riga ya yanke hukuncin cewa dare ya yi. Ka bi shi. A wannan lokacin ɗakin girkin da ku shida kuke tarayya a kai babu kowa.

Ga abin da ya fi komai muhimmanci. Na'urar gano gobara da ke rufin ɗakin girki zafi take ji, ta baranda kuwa hayaƙi. Saboda haka idan manja ya fara hayaƙi, kada ka buɗe ƙofa don ya fita, ko da zuciyarka ta ce ka buɗe. Taga ake buɗewa, ita ma ɗan tsagi kaɗai take buɗuwa. Ranar da na saɓa wannan, jiniya ta ɗauka, gidan gaba ɗaya ya fito tsakar gida: wani da tawul, wata da kwamfuta a rungume, iskar Tekun Arewa tana dukan kowa, ni kuma da muciya a hannu. Ba wanda ya tambayi daga wane ɗaki ne.

Garin tuwo ba matsala ba ne, semolina ko garin shinkafa suna maye gurbi idan an yi talge da haƙuri. Daddawa ce ke buƙatar bayani ga maƙwabta. Na sha faɗa musu gaskiya, cewa 'ya'yan ɗorawa ne aka dafa aka rufe kwanaki har suka nuna. Wani ɗan Sin da ke ɗaki na kusa ya sunkuya ya shinshina tukunyar, ya tafi bai ce uffan ba, sai ga shi da kwalbar baƙin wakensu, wanda shi ma rufe shi ake yi ya nuna. Daga ranar muka raba kanta ɗaya, kuma na daina girki a ɓoye.

Idan an sauke, sai kiran bidiyo. Hajiya ba ta fara tambayar karatu.

"Ɗaga ludayin in gani."

"Ga shi, Hajiya."

"Ta yi gudaji. Barbaɗawa ake yi kana kaɗawa, ba jibgawa ba. Ka ci da zafi, ka ji?"

A bar malmala biyu a firji da takarda mai sunanka. Gobe rana ba za ta fito ba sai wajen tara saura kwata, lacca kuma ƙarfe tara ce, don haka ɗumame a cikin duhu ake yin sa.