Yadda Za a Yi Musayar Kaji a Kura Ba Tare da An Yi Zaman Makoki a Akurki Ba

Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, ruwa ya riƙa gangarowa ta magudanan noman rani na Kadawa, mutanen Kura da Bunkure da Garun Malam suka samu shinkafa da alkama da tumatir, kaji ma suka samu rabonsu. Kazar Kura ba ta san yunwa ba. Ga dusa daga injinan shinkafa, ga kalar hatsi a masussuka, ga fasasshen tumatirin da bai samu shiga Kwanar Gafan ba. Abu ɗaya ta rasa: sabon jini. A gidaje da yawa zakara guda ne uba, shi ne kaka, shi ne kuma angon jikokinsa. Shi ya sa kaza za ta kwanta kan ƙwai goma sha biyu ta tashi da 'yan tsaki biyar, biyu daga cikinsu ma suna tafiya kamar an tashe su daga barci.

Maganin wannan shi ne musaya. Ku haɗu ku goma ko ashirin a unguwa, mai zakara ya ba mai sagara, mai durgu ya karɓi noila, mai zabi ya koma gida da tattabaru. Ba dillali, ba la'ada.

A fara da zaɓen lokaci. Kada a sa rana cikin hunturu, ko da kuwa lokacin ne aljihu ya yi nauyi da kuɗin shinkafa. Lokacin sanyi da ƙura ne cutar fakat ta fi yin ɓarna, wadda likitocin dabbobi ke kira da sunan garin Niyukasil na Ingila, inda ta ɓulla a 1926. A bari sai an yanke alkama, a yi taron da sassafe ƙarƙashin darbejiya, a watse kafin rana ta take, don kaza ba ta gumi, haki kawai take yi. In kuma aka ji a rediyo cewa murar tsuntsaye ta ɓulla a jiha, a ɗage taron, ko an riga an soya ƙosai.

Wuri kuma ya zama fili ne da ba a kiwo a cikinsa, nesa da akurkin kowa, nesa da bakin magudanar ruwa inda tsuntsayen daji ke sauka. Duk wanda ya ce a yi a tsakar gidansa, a gode masa, a sa masa albarka, a ƙi. Kowa ya zo da kwandonsa ko kejinsa, da kwanon ruwansa, a jera su da tazara kamar sahun da liman bai daidaita ba. Agwagi su zauna can gefe su kaɗai. Agwagwa na iya ɗauke da murar tsuntsaye tana rangaji lafiya lau, kazar da ta sha ruwa bayanta ce za ta biya bashin.

Sai duba kaza. Nan ake bukatar tsohuwa ɗaya daga cikin iyayenmu mata, irin wadda in ta ɗaga kaza ta auna ta a hannu, ta san abin da ta ci jiya. A ba ta tabarma a bakin fili, kowace kaza ta bi ta hannunta, a ajiye mata ruwa da sabulu tana wankewa tsakanin kwando da kwando. Ido ya zama garau, hanci a bushe, zanko ja, ba ƙuraje. A hura gashin ƙarƙashin fiffike a ga ko ƙuma da kwarkwata sun kama haya. A leƙa kashin da ke cikin kwandon: in kore ne ko fari mai ruwa, magana ta ƙare. Kazar da ta saki fukafukai kamar mai gari cikin babbar riga, tana gyangyaɗi da hantsi, ba sarauta take ji ba, ciwo ne. Mai ita zai ce, "Haba Inna, gajiyar hanya ce." Inna ta ce, "To ɗana, mayar da ita gida ta huta." Daga Bunkure zuwa Kura ba tafiyar Makka ba ce.

Yanzu ga inda aikin yake. Kin dawo gida da sagara mai sheƙi, yara na tsalle, zakaran gida ya hango ta ya fara jan fiffike a ƙasa. Hajiya, kada ki sake ta! Sabuwar kaza amarya ce, sai ta yi zaman lalle, nata lallen kuma mako uku ne cur, wata guda ya fi. Dalili kuwa, ƙwayar fakat kan yi kwana biyu zuwa goma sha biyar a jikin kaza kafin alama ta fito. Wadda ta wuce gaban Inna da lafiya ran Asabar tana iya murɗe wuya ran Juma'a, ba wanda ya yi ha'inci, cutar ce ke tafe a ɓoye.

Ɗakin amarya ya kasance a ɗaya ƙarshen gidan, da rufi, da ragar da tsako ba zai kutsa ba. Kwanon abincinta daban, na ruwanta daban, tsintsiyarta daban. Da safe a fara sallamar kajin gida, ita a je mata daga ƙarshe, sannan a wanke hannu da sabulu. A ajiye tsofaffin silifa a ƙofarta, da su kaɗai ake shiga, domin tafin ƙafa ya fi kowane ɗan acaɓa iya jigilar cuta. Kwandon da aka kawo ta ciki a wanke shi da ruwan Izal ko Hypo, a shanya a rana.

Babban mai karya wannan doka ba muzuru ba ne, ɗan autan gida ne, wanda tausayi zai kama shi ya buɗe mata don ta yi wasa da 'yan'uwanta. A naɗa shi sarkin ƙofa tun ranar farko, a yi masa alkawarin ƙwan fari. Sai kuma maƙwabciya mai zuwa aron zakara na kwana biyu. A ba ta haƙuri da fara'a har wa'adi ya cika.

Akwai abin da kusan kowa ke mantawa. Zakaranka da ka kai taron bai samu mai so ba, ka dawo da shi, shi ma baƙo ne yanzu. Ya shaƙi iskar kaji talatin. Ya shiga lalle, ko yana cara yana ƙorafi.

Ban ɗauki wannan da wasa ba, domin na ga gidan da aka saki zakaran kasuwa da la'asar, kafin mako biyu akurki ya koma wurin ajiyar itace. Kajin nan su ne kuɗin littafin yaro, su ne maganin zazzaɓi, su ne naman sallah da na mai jego. Manyan gidajen gona ma ba su tsira ba. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gona da ke Jaji a Jihar Kaduna, karo na farko da aka ga samfurinta na H5N1 a nahiyar Afirka, ba a jima ba aka gan ta a Kano, ta kuma dawo a 2015 ta yi ɓarna mai yawa. Cuta irin wannan a kwando take tafiya, da bayan babur, da tiren ƙwai.

Cikin makonnin lallen a nemi rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana yin maganin rigakafin fakat, har da samfurin I-2 mai jure zafi, wanda ake ɗiga ɗigo ɗaya a idon kaza, a maimaita duk bayan wata huɗu. Kwalba guda ta fi ƙarfin gida ɗaya, don haka ku haɗa kuɗi, ku kira malamin dabbobi ko malamin gona na KNARDA, a yi wa unguwa rana guda. Kazar da ta riga ta kamu ba a yi mata. Jan barkono da kafso a ruwan sha kuma ba sa kashe wannan ƙwayar.

In wa'adi ya cika tana ci tana sha, a kai ta akurki da daddare, gari ya waye kowa ya ɗauka da ma can tana nan. Za a ɗan yi tsattsagar kishi kwana biyu, uwargida sai ta nuna matsayinta, daga nan a shirya.

In kuwa ta mutu a ɗakin lalle, kada a fige ta, kada a jefa ta a magudanar ruwa inda mutanen gaba ke wanki da ban ruwa, kada kuma a kwashi sauran a ruga kasuwa da su. A haƙa rami mai zurfi a binne ta, a wanke hannu, a sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma a ranar.