Gwanayen Majigi da Turancinsu

Turancin da mutum yake buƙata don ya tsaya gaban masu kuɗi ya bayyana sana'arsa bai taka kara ya karya ba. Jimla ɗaya ta gaisuwa, ɗaya ta faɗin abin da ya kawo ka, biyu ko uku na tsallakawa daga batu zuwa batu, ɗaya ta nuna lissafi, ɗaya ta sallama. Mai ƙwaƙwalwa zai haddace su tsakanin Azahar da La'asar. Abin mamakin shi ne yadda kowace jimla take samun wanda zai aure ta, ya tare da ita, ya ƙi saki har a tashi taro. Tun da irin shirin Gidauniyar Tony Elumelu ya fara ba matasan Afirka jarin dala 5,000 a 2015, kowane mai ƙaramar sana'a ya gane cewa wata rana sai ya riƙe makirufo ya yi bayani da Turanci. Duk wanda ya saba zama a ɗakunan taro na otel-otel a Kano, Kaduna ko Abuja ya san waɗannan angwaye ɗaya bayan ɗaya.

Sarkin Gaisuwa ne yake buɗe fage. An ba shi minti goma. Zai fara da "the Chairman of the occasion", ya gangaro kan wakilin kwamishina, ya bi ta kan hakimi da manajan banki da mai ɗakin manajan banki, ya juya ga "gentlemen of the press" alhali ɗan jarida ɗaya ne a ɗakin, shi ma yana amsa waya. Sai ya gama kiran kowa da suna da sarauta sannan zai ja numfashi ya ce "all protocols duly observed", jimlar da aka yi ta musamman don ta hutar da mutum daga jerin gwanon da ya kammala yanzun nan. Ƙanensa kuwa "standing on the existing protocol" yake cewa, ya tsaya a kanta ɗin, ya sake jero su daga farko don kada wani Alhaji ya ce an tsallake shi. Ban cika ganin laifinsu ba, domin a wajenmu tsallake babba a gaisuwa yana iya rushe cinikin da ba a ma fara ba. Sai dai mai kuɗin da ya iso daga Legas da jirgin safe, zai kuma koma da na yamma, "good morning, thank you for having me" ta ishe shi, in aka bi ta da "I'm here to talk about" da sunan hajar.

Daga shi sai Mai Karatun Bango. Wannan da an kunna majigi ya juya wa jama'a ƙeya, kuma ba za a sake ganin fuskarsa ba sai an tafa. Jimlarsa ita ce "as you can see", yana nuna wani jadawali mai layi arba'in da ko na kujerar gaba sai ya runtse ido. Ba mu gani ba, Yallaɓai. Bayan kowane shafi sai ya ce "next slide, please", yaron da yake kan kwamfuta ya danna sau biyu, a koma "go back, go back", a wuce baya da yawa, hoton bikin sunan ɗansa ya bayyana a bango. PowerPoint ya fito ne a 1987, shekarar da Microsoft ya sayi kamfanin da ya ƙirƙire shi a kan dala miliyan 14, kuma tun daga lokacin ake neman maganin irin wannan bawan Allah. Guy Kawasaki, tsohon ma'aikacin Apple da ya koma zuba jari, ya kafa ƙa'idarsa: shafi 10, minti 20, rubutu kada girmansa ya gaza 30. Jeff Bezos ma haƙurinsa ƙarewa ya yi, a 2004 ya hana PowerPoint a taron manyan jami'an Amazon, ya ce kowa ya rubuto bayaninsa a takarda a zauna a karanta. Mu a nan maganinmu ya fi sauƙi: a ɗauke wuta. Kafin a tayar da janareta za ka ga ko mutum ya san sana'arsa, ko bangon ne ya sani.

Wanda ya fi ba ni nishaɗi shi ne Farfesan Kilishi. Matashi ne, kwat da wando, ga tabarau ba na ciwon ido ba. Kilishi yake sayarwa, mai kyau kuwa, amma ba zai taɓa furta kalmar ba. Shi "we are leveraging synergies to disrupt the protein value chain" yake yi. Kowane shafi da "ecosystem", kowace jimla da "going forward", in ya ga ɗakin ya yi sanyi sai ya jefa "paradigm shift". Thomas Kuhn, wanda littafinsa na 1962 ya yayata wannan lafazi, yana magana ne a kan irin juyin da ya sa masana suka daina cewa rana ce take kewaya duniya. Bai san za a kai ga amfani da shi wajen sauya takardar naɗe kilishi zuwa leda mai zik ba. Haka "disruption" ɗin da Clayton Christensen na Jami'ar Harvard ya yi wa littafi guda a 1997. Farfesa zai yi minti goma sha biyar, a tafa masa sosai saboda Turancin ya yi daɗi, sannan wani dattijo daga cikin alƙalai ya gyara zaman hularsa ya ce, "Ɗana, me kake sayarwa ne?"

Abokin tafiyarsa shi ne Mai Kashi Ɗaya. Lissafinsa ɗaya ne tal: 'yan Najeriya sun haura miliyan 200, saboda haka "if we capture just one percent of the market", ga masu saye miliyan biyu sun samu tun ba a buɗe shago ba. Yadda za a kamo su, da wace mota za a kai musu kayan, wannan sai Allah. Zai ƙara da "our projections are very conservative", yana nuna layin riba da ya miƙe sama kamar zai huda silin. In an tambaye shi abokan hamayya, sai ya dafe ƙirji: "we have no competitors". Ruwan leda fa yake yi, a Kano.

Akwai wadda nake jira a kowane taro, Hajiya Sorry. Za ta taso tana gyara mayafi, ta riƙe makirufo nesa da baki, ta fara da "sorry, my English is not good". Da ma ta bar wannan jimlar a gida, domin abin da yake biye da ita ya fi na kowa. Man gyaɗa take yi. Ta san kuɗin buhu yau da kuɗinsa bara war haka, ta san jarka nawa buhu yake bayarwa, ta san abin da ƙuli-ƙuli yake mayar mata, ta san mai shagon da yake biya nan take da wanda sai an yi ta sintiri. Turancinta duka bai wuce "I buy", "I sell", "my profit is", "I need" ba, kuma kowanne da lamba a bayansa. Za ka ga jami'in bankin da tun safe yake latsa waya ya ɗago kai ya jawo biro. In Turancin ya maƙale mata sai ta ce da Hausa, "Ranka ya daɗe, injin matsa nake so, shi ke nan", kuma babu wanda ya taɓa neman a fassara.

Malam Na-Ƙarshe ba ya buƙatar dogon bayani, shi ne dai yake yin sa. Ya buɗe da "without wasting much of your time", wanda duk mai hankali ya san gargaɗi ne. "In conclusion" ɗinsa na farko yana zuwa ne a tsakiya. Sai "finally", sai "lastly", sai "last but not least", sai "just one more thing". Steve Jobs ya yi suna da wannan ta ƙarshen, amma shi in ya faɗe ta sabon kaya yake fitowa da shi. Masu shirya jawaban TED minti 18 suke ba manyan masanan duniya. Malam an miƙa masa takardar "time up" sau biyu, ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihu.

Lokacin tambayoyi kuma wani sabon fage ne. Mai Gocewa yana da garkuwa uku. "That's a very good question" yana nufin bai san amsar ba. "I'll get back to you on that" jimla ce mai mutunci a bakin wanda zai karɓi lambar waya ya kira, amma shi ko sunan mai tambayar bai rubuta ba. "Let's take it offline" kuwa sai dai ku haɗu a Lahira. Cikin masu sauraro ma akwai gwani: zai ɗaga hannu tun kafin a buɗe fili, ya karɓi makirufo ya hura shi, ya ce "mine is not a question, it's an observation", ya yi "align" da mai maganar da ya gabace shi, sannan ya gabatar da nasa kamfanin na tsawon minti bakwai kyauta.

Tun shekarar korona, 2020, aka sami ƙarin wani iri, na Zoom. Rabin jawabinsa "can you hear me?" ne da "am I audible?", sauran rabin ya yi shi bakinsa yana motsi jama'a suna rubuta masa "you're on mute". Da ya buɗe muryar sai zakaran maƙwabta ya riga shi magana.

A can kujerun baya kuma akwai wasu bayin Allah da ba su ce uffan ba tun safe. Ba su da sana'ar gabatarwa, ba su da jarin zubawa, babu ma wanda ya san wa ya gayyace su. Takardar jadawalin taro tana hannunsu, sun sa yatsa a layi ɗaya suna ƙirga yadda ake matsowa. Da mai gabatarwa ya ce "item seven", su ne farko a bakin teburin abinci, kowa da ledarsa a aljihu, har wani yana tambayar mai rabo ko akwai na direba.