Yadda Za Ka Je Aiki a Kan Mashin, Girmanka Bai Zube a Hanya Ba

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, motoci da yawa a Birnin Kudu da Gwaram suka kwanta a ƙofar gida, kaji na shan inuwa a ƙarƙashinsu. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare kuwa ta tsallake 1,000. Mutanen da a da gwiwar hannunsu kawai kake hangowa a tagar mota, yau ga su a kan Boxer, ido a ƙanƙance, riga na kaɗawa. Waɗannan shawarwari naku ne, sababbin shiga da tsofaffin hannu. Koyon tuƙi ba ya wuce mako ɗaya. Abin da ke cin shekaru shi ne sanin irin kallon da ake yi maka idan ka sauka.

Mu fara da ƙura, domin ita ke riga ka gaisawa da mutane. Malamin makarantar da ya taso daga Sundimina ko Kiyako da sanyin safiyar hunturu, da ma'aikacin lafiyar da ya biyo burji daga wajen Farin Dutse, sukan iso da furfurar da ba shekaru ne suka kawo ta ba. Gira fari fat, gemu ja-ja, leɓe a bushe, hawayen iska ya ja layi daga gefen ido har zuwa kunne. Kai ba ka ganin kanka, amma wanda ke zaune a ofis ya gani, kuma kafin ka gama sallama ya riga ya rage maka mataki biyu na albashi a zuciyarsa.

Maganin wannan minti goma ne. Ka fito da wuri. Ka ɗora tsohuwar riga a sama, wadda ba ta da sauran abin asara. Hularka ta kirki ka naɗe ta a leda. Kafin ka kai ƙofar ma'aikata ka tsaya a masallacin da ke kusa, ka ɗauki buta, ka wanke fuska, ka bi bayan kunne da ƙeya, ka goge takalmi da tsumman nan da kowane mai mashin na gari ke cusawa a gaban tanki. Sai ka sunkuya ka kafa hula a madubi. Wannan ma ya isa dalilin da zai hana ka kwance madubin ranar da ka sayi mashin, kamar yadda samari ke yi. Madubi ɗaya yana nuna maka tirelar da ke bayanka, ɗayan yana nuna maka ko hula ta karkace.

Ranar taro ko ɗaurin aure, idan sai da babbar riga, ka tattare ta kaf ka zauna a kanta. Sarƙar mashin ba ta san shadda ba, kuma idan ta kama bakin riga ba ta saki sai ta kai mutum ƙasa. Haka idan ka goya uwargida ko ƙanwarka: kada ka tayar sai ka waiwaya ka ga ta tattara hijabinta a cinya.

Ka kuma sani ba kullum ake yi wa mai babur kallon hadarin kaji ba. Lokacin da gwamnatin Gowon ta biya ma'aikata kuɗin Udoji bayan rahoton 1974, mai Vespa ko Honda babban mutum ne a gari. Hedimasta ne, ko duba-gari, ko malamin gona, yara na bin ƙurarsa da gudu. Matsin tattalin arzikin shekarun 1980 ne ya mayar da babur abin neman abinci, sannan masu arha na Sin da Indiya suka cika kasuwa, acaba ta zama sana'ar duk wanda wata ƙofa ta rufe masa. Babur bai canza ba. Ya dai koma hannun talaka, shi ke nan mutane suka fara yi masa kallon da suke yi wa talaka. Abin mamaki, yau sabon Boxer ya haura naira miliyan ɗaya, amma kallon yana nan inda yake.

Yanzu sai oga. Daga ranar da ya leƙo ta taga ya ga ka kafe mashin, sunanka ya samu ƙari. Za ka ji, “Yauwa Malam, tunda kana da mashin…” Duk abin da ya biyo bayan wannan magana ba ya cikin takardar ɗaukarka aiki. Yau fayil ne za a kai Dutse kafin a tashi. Gobe yara ne za a ɗauko daga Islamiyya. Da azumi ƙanƙara ce, kuma ana son ta iso ba ta narke ba. Ranar kasuwar Sara kuwa Allah kaɗai ya san abin da za a ce ka ɗauro a kariya, domin akuya ma an sha ɗaurowa.

Kada ka ɓata rai, kuma kada ka yi shiru. Ranar farko ita ce ranar da ake kafa doka. Ka rusuna ka ce, “To ranka ya daɗe, sai dai yana rizab.” Kalma ce mai ladabi, babu ƙarya a cikinta, domin mashin ɗin ma'aikaci daga goma ga wata a rizab yake kwana. Ogan kirki zai sa hannu a aljihu. Idan ka ji kunya ranar farko ka tafi a manka, to ka sayi aikin da ba za ka iya ajiyewa ba sai ranar da aka yi maka canjin wurin aiki. Ka kuma raba tsakanin aikin ofis da aikin gidan oga. Na ofis ka rubuta shi a ɗan littafi: rana, inda aka je, lita nawa. Na gida ka yi shi don zumunci in ka ga dama, amma ka bari a san alfarma ce.

Ga wani abu da nake so ka riƙe da kyau, domin shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Idan damina ta yi nisa, hanyar ƙauye ta yanke, motar ofis ta tsaya a bakin kwalta direba na girgiza kai, kai za a nema. Malamin gona na JARDA da ke kai wa manomi labarin sabon iri, a mashin yake zuwa. Akwatin sanyi na allurar rigakafi, a bayan mashin ake ɗaure shi da roba. Lokacin da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a watan Agustan 2020, an ga manya a talabijin, amma waɗanda suka tsallaka rafi da wando a naɗe suna tura mashin cikin laka, ba a ga fuskarsu ba. Saboda haka idan ka dawo daga irin wannan tafiya, kada ka miƙa bayani da baki kawai wani ya rubuta ya sa sunansa. Ka zauna ka rubuta rahoton da hannunka, ka sa sunan ƙauyen, ka sa naka a ƙasa. Ranar ƙarin girma takarda ake dubawa, babu mai tuna taɓon da ke wandonka.

Abokan aiki kuma iri uku ne. Akwai mai aro. Shi kullum minti biyar yake buƙata, nan banki kawai zai je. Zai dawo bayan la'asar, tanki a bushe, madubi na kallon sama, birki ya yi laushi, ya miƙo maka makulli yana cewa, “Kai, mashin ɗin nan naka yana shan mai.” Idan ba za ka iya hana shi ba, ka ce, “Zo mu je in sauke ka.” Rabin masu aro a nan buƙatarsu ke ƙarewa. Akwai mai neman goyo, wanda da an tashi hanyarsa takan zama taka ko da gidansa na gabas naka na yamma. Wannan ka ɗauke shi, lada ne, amma ranar da ka tsaya gidan mai kada ka yi saurin zaro kuɗi, ka ba shi damar ya nuna halinsa. Sai na uku, mai mota, wanda ke tsokanarka da “ɗan acaba, nawa ne zuwa Babaldu?” Ka yi dariya tare da shi. Kafin wata ya ƙare zai jawo ka gefe ya tambaye ka, da murya ƙasa-ƙasa, nawa ake sayar da na hannu mai ɗan lafiya.

Batun inuwa kuwa, a kowace ma'aikata bishiyar darbejiyar da ta fi duhu ta motar oga ce, ko ya zo ko bai zo ba. Kada ka yi rigima a kan wannan. Ka nemi gefen katanga, ka rufe kujera da kwali. Wanda ya taɓa zama a kan kujerar da ta sha ranar Afrilu ba ya buƙatar ƙarin bayani.

A titi za a kira ka. Kana sanye da kaftani mai guga, ga jakar takardu, wata baiwar Allah za ta ɗaga hannu ta ce, “Mai mashin! Asibiti!” Kada ka ɗaure fuska ka ce kai ba ɗan acaba ba ne, da irin muryar da ke nuna an zage ka. Ba a zage ka ba. Wannan ɗan acaban shi ne ke ɗauko mai naƙuda da tsakar dare daga ƙauyen da mota ba ta shiga ya kawo ta FMC Birnin Kudu. Ka ce, “Yi haƙuri Hajiya, ba haya nake ba,” idan kuma ga ɗan acaba can a inuwa, ka yafito mata shi.

Shiga ƙauyen da ba a san ka ba yana da nasa ladabin. Mutane ba su manta ba cewa a watan Janairun 2013 aka kai wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero hari, gwamnatin Kwankwaso ta hana goyo a babur a birnin Kano cikin kwanaki. Kullum kuma rediyo na kawo labarin 'yan bindigar Zamfara da Katsina masu yawo a kan babura. Baƙon da ya shigo a guje, fuska a naɗe da rawani, salansa na ƙara, ya tayar wa mata hankali kafin ya faɗi sunansa. Ka rage gudu tun daga bakin gari. Ka buɗe fuskarka. Idan ka ga dattawa a gindin bishiya ka kashe mashin, ka sauka, ka tako da ƙafa ka yi sallama, ka tambayi gidan mai unguwa. Gaisuwa daga kan mashin, ƙafa ɗaya a ƙasa, injin na kuka, rabin gaisuwa ce.

Idan ka yi haka za ka ga ribar da mai mota ba ya samu. Manomi yana ganin mota yake gyara magana, ya faɗi abin da yake zaton ana son ji, ko ya fara lissafin abin da aka kawo rabawa. Mai mashin kuwa tabarma ake shimfiɗa masa, a kawo fura, a gaya masa gaskiyar abin da ya ci gyaɗar bana. Sai dai mai aikin hannu, kamar mai haɗa sola ko mai gyaran famfon burtsatse, ya yi hattara da wani gefen: mai ba ka aikin kan dubi abin hawanka ya yanke maka farashi. Ka faɗi kuɗin aikinka tun a waya, kafin ya ga tayarka ta baya.

Hular kwano. Na san abin da za ka ce: zafi, nauyi, ga abokai na dariya. Lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sa ta ranar 1 ga Janairu, 2009, har ƙwarya wasu suka riƙa kifawa a ka don su wuce jami'ai. An yi dariya a lokacin, amma kwalta ba ta dariya. Hanyar da ta ratsa Birnin Kudu manyan motoci ne ke bin ta dare da rana. Ka sayi hular, ka ɗaure igiyarta a haɓa, ka bar masu dariya su yi. 'Ya'yanka sun fi son ka dawo da gumi a ka.

Ɗan'uwana mai haya da mashin ɗin wani, kai da ke kai balas kowace yamma, naka ogan ya fi na kowa sa ido, domin shi kullum zatonsa ka samu fiye da abin da ka faɗa. Ka riƙa juye baƙin mai a kan lokaci ka nuna masa, ka wanke mashin ranar Juma'a, idan fulogi ko faci ya ci kuɗi ka kira shi tun kana wurin bakanike. Fasinja kuma ba ya son gwaninta. Tsohon da ya ce maka “yaro, a hankali” yana nufin a hankali, kuma shi ne zai sa jikansa ya karɓi lambarka.

Ku kuma manya, ranku ya daɗe, ga taku. Idan matashi ya zo neman aiki, a daina leƙa taga a ga abin da ya hau, a duba takardarsa a saurari bakinsa. Idan akwai kuɗin zirga-zirga a kasafin ofis, a fara da wanda ke shiga daji. Yallaɓai mai mashin na haya, ranar da aka wuni ana ruwa ka sassauta balas. In kuwa ya zama dole a aiki Malam sayen ƙanƙara da azumi, a ba shi kuɗin lita ɗaya, a kuma ce ya ɗauki ƙulli guda ya kai wa iyalinsa.