Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Alhaji PDF, Sarkin Takardun Zamani

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta talaka ga ubangidansa, da fatan kana lafiya, kai da shafukanka baki ɗaya. Allah ya ja zamaninka. Dalilin rubuto maka wannan takarda shi ne abin da ya same ni da safiyar yau a shagon ɗab'i, a gaban yaran da ke ninke takardu.

Jiya da dare na kammala ɗan littafin jagora na masu gyaran injin sumo na rijiyar burtsatse, da Hausa, da zane-zanensa da jadawalinsa. Na damƙa maka amanarsa, na buɗe ka na bi shafi bayan shafi, komai tsaf. Gari na wayewa mai ɗab'i ya miƙo mini gwajin farko yana kawar da kai. Duk inda ƙ take, akwati ne a zaune. Ɗ ma akwati. Ita ɓ ko akwatin ba ta samu ba, fili aka bar mata.

Wannan duk da sauƙi, Bahaushe yana iya cike gurbin da ka. Jadawalin ne ya sa na nemi kujera. Inda na rubuta a sa kafasita mai 35 µF, ka fito da 35 mF, wato ninki dubu. Inda na ce a gwada rufin wayar injin da mita a ga 20 MΩ, ka ce 20 MW. Megawat ashirin, Yallaɓai, a ramin burtsatse! Tashar Kainji gaba ɗayanta, da dam ɗinta da kogin Kwara a bayanta, megawat 760 aka gina ta ta bayar. Kai kuma ka ɗebi ashirin ka zura wa injin da yaro ɗaya ke ɗauka a kafaɗa.

Ba na raina asalinka. Na san a 1991 John Warnock na kamfanin Adobe ya rubuta takardar da ya kira Camelot, yana neman hanyar da takarda za ta tashi daga kowace kwamfuta ta sauka a kowace kwamfuta ba tare da ta sauya kama ba. A 1993 aka haife ka. A 2008 hukumar ISO ta naɗa maka rawani, ka zama na kowa. Alkawari ɗaya ka hau gadon nan da shi: abin da marubuci ya gani, shi mai karatu zai gani. Saboda shi muka bar sauran fayiloli muka bi ka.

To ashe alkawarin yana da sharaɗi a ƙasa. Kana iya ɗaukar salon haruffan da aka yi rubutun da shi ka cusa a cikinka, ka tafi da shi duk inda za ka. Kana kuma iya ɗaukar sunansa kawai da faɗin kowane harafi, ka kama hanya, da nufin idan ka isa za ka tarar da shi a kwamfutar mutane. Kamar a kai amarya da takardar jerin kayan ɗaki, a ce gado da kwanuka ta ara a maƙwabta. Idan ba a samu wanda ka ambata ba, sai manhajar da ta buɗe ka ta jawo wani mai kama da shi ta dasa. Harafin da babu a wancan, akwati.

Tun kana yaro aka saba maka da wannan. An ware salo goma sha huɗu aka ce kowane gida yana da su, ba sai an yi dakonsu ba: Times huɗu, Helvetica huɗu, Courier huɗu, sai Symbol da ZapfDingbats. A cikinsu akwai almakashi, akwai taurari iri-iri, akwai hannu mai nuni da yatsa. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, balle ƴ ta 'yan'uwanmu na Nijar. An tanadi wurin almakashi, ranka ya daɗe. Shi kuma Symbol, a nan megawat ɗina suka fito. Tsohon tsari ne da alamar Ω ke zaune a gurbin W, µ kuma a gurbin m. Muddin salon yana nan, ido zai ga Ω. Da zarar an musanya shi, W ɗin da ke ƙasa ta bayyana, kuma ba ta zuwa da akwati da zai sa a tsargu. Ta fito fes, kamar da gangan aka rubuta ta.

Kai PDF, duk wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ba zan yafe ba shi ne shirun. Ka san ba ka ɗauki salon ba! A rubuce yake a cikinka. Amma da na buɗe ka jiya sai ka leƙa cikin kwamfutata, ka ga salon yana nan, ka jawo shi ka yafa, ka tsaya a gabana kana sheƙi. Wato wuri ɗaya tak a duniya da aibinka ba zai taɓa fitowa ba shi ne allon mutumin da ya haɗa ka, wanda shi kaɗai ne ke iya gyarawa. Wane irin tsari ne wannan? Wa ya zauna ya ga dacewarsa? Kwamfuta tana tambayata ko na tabbata ina son goge hoton da ni na ce a goge. Tana tsayar da ni a kan sabunta abin da ban san da shi ba. Batir ya yi ƙasa, sai ta yi ƙara. Amma littafi zai fita tsirara zuwa hannun mutanen da za su haɗa wayar lantarki a bakin ruwa, ko tari ba ka yi ba. Kai da ka iya ƙera akwatuna haka, ɗari-ɗari a shafi, ka kasa ƙera guda ɗaya mai ɗauke da gargaɗi?

Sai da na dawo gida na shiga tonon asirinka. A manhajar Acrobat, a danna Ctrl da D, a shiga shafin Fonts, nan jerin yake: wanda aka cusa an rubuta a gefensa, wanda aka baro an nuna abin da aka dasa a madadinsa. Masu Linux suna da pdffonts, mai jero kowane salo da amsar e ko a'a a ƙarƙashin emb. Na ga a'a har biyu suna kallona. Bayanin yana nan ashe, an dai ajiye shi a lungun da sai wanda ya riga ya ƙone ke zuwa.

Na farkon Symbol ne. Na biyun kuwa salo ne da ban taɓa zaɓa ba, ban ma san sunansa ba. Abin da ya faru shi ne, salon da na yi rubutu da shi ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa, sai manhajar rubutu ta je ta aro su daga wani, ita ma a ɓoye. Kalma ɗaya, salo biyu. Haka na yawan faruwa, domin a kundin Unicode ba a wuri ɗaya aka zaunar da su ba: ɓ da ɗ ƙanana suna cikin alamomin masana furuci, ƙ da ƴ da manyan baƙaƙen suna wani rukunin dabam. Mai zana salo yana iya yin wasu ya bar wasu, ko ya bar su duka. Shi kuma wanda aka aro ɗin, mai shi ya kulle shi. A cikin kowane salo na TrueType ko OpenType akwai wata 'yar alama, fsType, mai faɗin ko an yarda a cusa shi ba sharaɗi, ko don gyara, ko don dubawa da bugawa kawai, ko an hana sam. Haƙƙin mai abu ne, ban ja ba. Amma idan an hana ka ɗauka, ba sai ka dawo ka faɗa ba?

Sauran laifuffukanka ba zan tsaya a kansu ba. Ko ka ɗauki salo, sau da yawa haruffan da aka yi amfani da su kaɗai kake tsinka, ka liƙa wa sunan baƙaƙe shida da alamar tarawa a gaba, ranar da mai ɗab'i zai gyara kalma ɗaya sai a ce harafin babu. Wani lokacin shafi ya fito daidai, a kwafo layi a liƙa a wani wuri, ya zama shirme, don ba ka riƙe jadawalin da ke faɗin wane zane ne wane harafi ba. Tsofaffin takardunmu kuma da aka buga da Rabi'at, salon da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar ya fitar da masu buga Hausa kunya tun Unicode bai wadata ba, idan ka baro salon a baya sai ƙasa ta koma }asa, ɗaya ta koma ]aya. Duk mai karanta Hausa a intanet ya sha cin karo da su.

Mai ɗab'i ya ba ni shawarar da suke ba kowa: a mayar da haruffan zane, a huta. Gaskiya ne, zane ba ya neman salo. Amma littafin nan ba a takarda kaɗai zai rayu ba. Mai gyara yana tsugune a bakin rijiya zai buɗe shi a waya ya nemi kalmar kafasita, kuma zane ba ya amsa nema. Ban yarda ba.

Abin da na yi, don ka sani, na sauya rubutun gaba ɗaya zuwa Charis SIL, wanda ke da haruffanmu manya da ƙanana, lasisinsa kuma bai hana cusawa ba. Andika da Noto ma haka suke. Na cire Ω da µ na Symbol na sa na ainihi na Unicode. Sannan na fitar da shi a matsayin PDF/A, ƙaninka da aka haifa a 2005 don adana takardu, wanda dokarsa ta wajabta cusa kowane salo. Ka ji, ƙaninka. An san maganin tun shekaru ashirin da suka wuce, aka ba shi, kai aka bar ka da zaɓi. Nauyin da fayil ɗin ya ƙara bai kai na hoto ɗaya na waya ba. A kan wannan ɗan nauyin ne ake ta wannan rowa? Na tura shi wayar da ba ta taɓa ganin salon ba, na buɗe, ƙ tana nan da lanƙwasarta.

Buƙatata ɗaya ce, Allah ya ba ka nasara, tunda dole a koma ga ladabi. Ka umarci duk manhajar da ke haifar ka, ranar da za ta baro salo a baya, ta tsaya ta faɗa da manyan baƙaƙe, ta ambaci sunansa da shafin da yake, kafin a rufe fayil. Idan kuma ka buɗe da kayan aro, ka rubuta a saman shafi cewa aro ne.

Naka mai biyayya, tunda babu wani sarkin,
Mai haɗa littattafan gyara.

Kwafi zuwa ga firintar ofis, wadda tata wasiƙar tana nan tafe.