Balbela da bijimin fadamar Illo

Baƙo in ya sauka fadamun Bagudo, duk farin tsuntsun da ya hango a bakin Kwara sai ya ce balbela ce. A'a. Akwai wata siririya mai baƙin baki da baƙaƙen ƙafafu, yatsunta rawaya. Wannan cikin ruwa take tsayawa, da guminta take kamun kifi. Balbela kuwa guntuwa ce, ga kaurin wuya, baki rawaya, in lokacin ƙwai ya yi sai kanta da ƙirjinta su yi jaja-jaja kamar an shafa mata lalle. Ba ta cika son jiƙa ƙafa ba. Mai nemanta ya duba gindin shanu.

To, an ce akwai wani bijimi da ke kiwo tsakanin Illo da Lolo, kaska ta dame shi. Rannan sai ga balbela ta sauka gabansa, fes da ita, ta rusuna.

"Ranka ya daɗe, na zo in yi maka hidima. Daga yau kai da kaska sai labari."

Bijimi ya ji daɗi, har da girgiza tozo. Tun daga ranar, in ya taka ta taka, in ya tsaya ta tsaya, wani lokaci har ta haye gadon bayansa tana kallon jama'a. Masu wucewa suna cewa ai ga amana. Babu wanda ya sunkuya ya ga abin da take haɗiya. Fari ne da gyare da 'yan kwaɗi, waɗanda kofatonsa ke tayarwa daga cikin ciyawa. Kaska tana nan maƙale a kunne, tana ƙiba. Mai cire ta na gaskiya carki ne, shi ma in ya samu gyambo ba ya barinsa ya warke.

Duk sanda bijimi ya tuna mata, sai ta ce, "Gobe in Allah ya kai mu, ranka ya daɗe."

Da magariba ta tashi ta tarar da danginta a bishiya guda, su kwana suna hayaniya. Je ka duba bishiyar bayan 'yan shekaru: kashinsu ya ƙone ganyen, wari ya kori masu shan inuwa. Tsuntsu fa nake faɗa, kada wani mai farar shadda ya tsargu.

Iyaka ma ba ta san ta ba. Ko da aka rufe boda a watan Agustan 2019, ta ƙi fasa cin safe a Najeriya da cin yamma a Benin. Gado ta yi: danginta sun ƙetare tekun Atlantika ba jirgi, an gan su a Kudancin Amurka tun 1877, zuwa 1953 suna sheƙa a Florida. Duk inda ake tayar da fari, nan ne garinsu.

Ana nan sai aka kawo tarakta huɗar gonar shinkafa. Garma ɗaya ta ja, tsutsa da gyare suka fito fiye da abin da bijimi zai tayar a yini. Ya waiwaya, ba balbela. Ya yi kuka, ya sake yi, ko kallo bai samu ba.

Can ya hango ta a gaban taya, ta rusuna.

"Ranka ya daɗe, na zo in cire maka kaska."