Ɗaliban Jami'ar Cikin Waya

A shekarar 2011 wasu malamai biyu, Sebastian Thrun da Peter Norvig, suka buɗe darasinsu na ƙirƙirarriyar basira na jami'ar Stanford ga duk mai intanet, kyauta. Mutum wajen 160,000 suka yi rajista, kimanin 23,000 suka kai ƙarshe. Shekara ta zagayo Coursera da edX suka buɗe ƙofa, ga kuma OpenLearn ta jami'ar karatu daga gida ta Birtaniya, wadda ke nan tun 2006. Yau ko falsafa kake so, ko lissafi, ko tarihin Rumawa, sai ka zaɓa ka darje. Ni dai waɗancan dubu ɗari da talatin da wani abu da suka sulale su ne suka tsaya mini a rai, domin na san danginsu. Majalisarmu ɗaya.

Babbansu shi ne Sarkin Rajista. Da ya ga kalmar kyauta, yatsansa kan riga ƙwaƙwalwarsa isa. Yanzu haka kwas goma sha bakwai ke jiran sa: ilimin taurari, harshen Sinanci, lissafin kuɗi, har da kiwon zuma. A kowanne ya kalli bidiyon farko, wanda malami ke yi wa ɗalibai barka da zuwa. An gaya masa taura biyu ba ta taunuwa, ya ce ai shi ba tauna yake yi ba, ajiya yake yi. Ya ma shiga kwas ɗin nan na Barbara Oakley kan dabarun koyon karatu, wanda a cikinsa ake koyar da maganin ɗage aiki zuwa gobe. Ya ce bayan Sallah zai fara. Bai faɗi wace Sallar ba.

Sai Maharbin Satifiket. Shi ba ruwansa da darasi. Kai tsaye yake zarcewa wajen jarrabawa, ya yi ta canki-canka har Allah ya ba shi sa'a. Da yamma sai ka ga takarda a Facebook: "Alhamdulillah, yau na kammala karatuna a Harvard." Jama'a su yi ta Allah ya sanya albarka, wata gwaggonsa ta bugo waya tana faɗan ya je Amurka ya dawo ko tsaraba babu. Mutumin da iyakarsa Zariya! Kwas ɗin ma na awa shida ne. Na gaskiyar, wato CS50 na David Malan, ya taɓa leƙawa, da ya ga aikin gida a harshen C sai ya tuna yana da uzuri. Ranar baƙin cikinsa ita ce ranar da ya gano cewa a wurare da yawa karatun ne kyauta, takardar kuwa sai da dala. Nan ya zauna ya tsara wasiƙar neman tallafi, ya zayyana talaucinsa da irin hikimar da in da ya zuba ta a karatun da tuni ya zama farfesa.

Akwai Ɗan Sauri, mai ninka gudun bidiyo biyu har farfesa ya koma kamar mai tallan maganin basir a tasha. Akwai Ma'aji, wanda ke hana idonsa barci don datar tsakar dare, ya sauke laccoci ya cika waya, ya sayi memori ya cika, bai taɓa buɗe ko ɗaya ba. Idan wuri ya ƙare, laccocin yake fara gogewa, bidiyon biki kuwa ba a taɓa shi. Akwai kuma wanda za ka yi wa bayani tiryan-tiryan, ya gyaɗa kai, sannan ya rage murya ya ce: "To, nawa suke bayarwa a wata?"

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne Dokta. Wannan ya yi karatun, mako biyu cur, a kwas ɗin Laurie Santos ta jami'ar Yale kan ilimin walwala da kwanciyar hankali. Tun daga nan babu mai lafiya a unguwa. Ka ce kana jin yunwa, ya ce damuwa ce. Mai shayi ya ƙara kuɗin burodi, ya ce raunin ƙuruciya ne ke bin sa. Ran nan mahaifiyarsa ta yi ƙorafin ciwon kai, ya fara yi mata bayanin ƙwaƙwalwa, ta ce: "Kai, tashi ka sayo mini Panadol."

Masu kai wa ƙarshe kuwa da wuya ka ji bakinsu. Akwai wata maƙwabciyarmu mai 'ya'ya uku da ta yi kwas ɗin ƙididdiga tsakanin sallar isha'i da kukan jariri, waya a jingine da kwanon tuwo. Ba mu sani ba sai da muka ga littafin adashinta ya koma jadawali, har tana faɗa wa mata wadda za ta yi kwasa a watan Sha'aban tun ana Muharram.

Sai Baba Hedimasta, wanda ya yi ritaya tun ina firamare. Jikansa ya yi masa rajistar wani kwas kan tarihin duniya. Ƙarfe huɗu na yamma yake shimfiɗa tabarma, ya sa tabarau, ya ɗauko littafi mai falle sittin da biro biyu, shuɗi na rubutu, ja na gyara. Idan malamar ta bayyana sai ya amsa gaisuwarta. Idan ta yi sauri ya tsayar da bidiyon, ya ce: "A hankali, 'yata." Ranar da ta ambaci Timbuktu bai ji sunan Katsina ba, ya rubuta mata wasiƙa mai shafi biyu, rabin shafin farko gaisuwa. Littafi uku ya cika. Da jikan ya ce a buga masa takardar shaida, ya ce a kai wa wa?

Shekaranjiya na wuce ta ƙofar gidansa, ya ɗago kai daga rubutu.

"Ɗana, ina aka kwana a kwas ɗin tattalin arzikin nan da ka ce ka shiga bara?"

Na ce, "Baba, wanne daga ciki?"